Ishaku da Wasiƙun Inna

Duk wanda ya san Ishaku Garba a Minna yanzu, da shiru ya san shi. Da safe ya tayar da babur daga Kpakungu ya nufi ma'aikatar gona, da la'asar ya dawo, ya yi salla, ya zauna a ƙofar gida. In ka gaishe shi ya amsa da fara'a daidai gwargwado, in ka ja hira ya bar ka da abarka. Masu noman rani na wajen Kagara suna yabonsa, sun ce injiniya ne da ba ya ƙyamar taɓo. Amma da ba haka yake ba. Ni ce yayarsa Azumi, ni na goya shi, na kuwa san lokacin da bakinsa ba ya rufuwa ko da tuwo a ciki. Ina da hannu a abin da ya same shi, shi ya sa nake son in faɗi yadda aka yi.

Babanmu Malam Garba makanikin jirgin ƙasa ne, kamar yadda ubansa ya biyo reluwe daga Zariya ya zauna a nan. Da ya yi ritaya, shekarar da Minna ta zama babban birnin jiha, sai ya gina ɗaki uku a Kpakungu, lokacin wurin duk ciyawa ce da gonakin doya. Mahaifiyarmu Inna Sakinatu ta haifi bakwai, mu biyu muka rayu, ni ta fari, Ishaku na ƙarshe. Ni ko sunana ba ta kama, kunyar 'yar fari. Shi kuwa Auta ne, da shi take hira, da shi take dariya, shi ake ɓoye wa ƙanzo. Ban ji daɗin haka ba ina yarinya, kuma ba zan yi ƙarya in ce na daina jin haushi da na girma ba.

Yaron yana da kai, wannan kam ba a ƙwace masa. A shekarar saba'in da tara gwamnati ta ɗauki ɗalibai zuwa ƙasashen waje, sunansa ya fito, Bulgeriya, karatun noman rani, shekara shida har da ta koyon harshe. Baba ya yi kwana uku yana yawo da takardar a aljihu yana nuna wa tsofaffin abokan aikinsa. Inna tambaya ɗaya ta yi, ko akwai masallaci a can. Ishaku ya yi dariya ya ce in babu zai gina.

Ranar tafiya muka raka shi tashar jirgi, daga nan za su Legas su hau na sama. Su biyar ne 'yan jiharmu, kowa ya ɗaura laktaye yana ta feleƙe da Turanci. Inna ta kwashe mako tana haɗa masa ƙunshi: kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, da daddawa curi goma sha biyu, duk ta ɗaure a tsohon zanenta. Da jirgi ya yi kuka sai ta miƙa masa ta taga. Ƙamshin daddawa ya cika taragon, ɗaya daga cikin samarin ya toshe hanci, sauran suka kwashe da dariya.

Ishaku ya ce, “Inna, don Allah ki daina kunyata ni. Ƙasar Turawa za ni, ba Kagara ba.”

Ya ture ƙunshin. Ya faɗo kan siminti, ƙullin kukar ya fashe. Inna ta durƙusa tana tattarawa da gefen hannu, jirgin kuwa ya ja tana durƙushe. Ba ta ɗago ba har ya wuce gadar. Ni na so in bi taragon nan da gudu in jawo shi ta taga in ba shi mari, amma ina da tsohon ciki a lokacin. Muka dawo gida, ta juye kukar a kwano, ta tankaɗe ƙasar, aka yi miya da ita.

Inna ba ta yi boko ba. Ni ce malamar firamare, ina aure a Fadikpe, don haka kowace Asabar ta ƙarshen wata nakan zo da shuɗiyar takardar wasiƙa ta jirgin sama in zauna a tabarmarta. Ita ta faɗa, ni in rubuta. In tasa ta iso, ni zan karanta mata. Wasiƙa takan yi mako biyar ko shida a hanya.

Wasiƙunsa na farko duk kuka ne. Mutumin da ya tafi yana hura hanci, ga shi ya rasa yadda zai sayi burodi. Ya ce mutanen can in za su ce i sai su kaɗa kai gefe da gefe, in za su ce a'a su gyaɗa, har ya yini yana jiran motar da direbanta ya riga ya gaya masa ba za ta inda yake so ba. Ya ce a ɗakin cin abinci ba ya iya rarrabe naman alade da na saniya, don haka wata huɗu yana kan burodi da kindirmo, wandonsa har ya daina zama. Ya ce yara suna binsa a titi, wata yarinya ta shafa hannunsa ta duba yatsunta. Da ƙanƙara ta sauko ya rubuta cewa shi dai a roƙa masa Baba a maido shi, ko aikin akawu ne zai yi.

Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, “Rubuta. Auta, ka zauna inda kake. In ka dawo ba takarda, kada ka shigo ɗakina.”

Ya zauna. Maganar Baba ba ta taɓa tsayar da shi ba, tawa kuwa ko a jikinsa. Tata kaɗai yake ji.

Sau ɗaya na tsokano zancen tasha. Na ajiye biro na ce, “Inna, ba za ki yi masa faɗa a kan abin da ya yi miki ba? Ko kin yafe ne?” Ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba, ta ce, “Ke dai rubuta abin da na ce ki rubuta.” Ban sake tambaya ba, ita ma ba ta sake tayarwa ba. Shi ma a wasiƙu ashirin da wani abu bai ambata ba ko sau ɗaya.

A hankali yaron ya fara zama mutum. Harshen ya zauna masa. Ya koyi wanki, ya koyi dafa wake, shi da a gida ko kofin da ya sha ruwa ba ya ɗaukewa. Da kaka aka kwashe su zuwa ƙauye tsinkar tuffa, ya rubuto cewa ya ga tsofaffin mata suna aikin da ya fi na Inna, kuma Turawa ne. Azumi ya zo musu a tsakiyar bazara, rana ba ta faɗuwa sai an yi awa goma sha bakwai, ya kai shi duka shi kaɗai a ɗakinsu. Inna ta sa na maimaita mata wannan wurin sau uku.

Ranar sha ɗaya ga Maris na tamanin da biyu, wajen ƙarfe goma na safe, Inna tana tankaɗe a tsakar gida sai ta kife a kan faifan. Maƙwabciyarmu Mama Hannah ce ta ji ƙarar kwano ta leƙo ta katanga. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Ba jinya, ba wasiyya, ba kalma ko ɗaya ga kowa. Ina aji aka zo aka kira ni, bayan azahar aka kai ta.

Ran sadakar uku na ce wa Baba zan rubuta wa Ishaku. Ya ce in zauna.

“Ba a aika wa matafiyi mutuwa a takarda,” in ji shi. “Haka muka tarar. Ana bari ya dawo, a zaunar da shi, ya sha ruwa, sannan babba ya gaya masa. A reluwe direba nawa aka ɓoye wa har ya sauke jirgi lafiya?”

Na ce, “Baba, direba kwana uku yake yi. Wannan shekara uku da rabi ta rage masa.”

“Kin san shi. Ran da ya ji, ran nan zai tattara ya taho, kuma ba mai maida shi. Wa zai ce masa ya zauna ya zauna? Ke? Ni?”

Gaskiya ya faɗa. Na ce to in wasiƙun Inna suka tsaya ai zai sha jinin jikinsa. Baba ya ce, “Me zai tsayar da su? Tun farko hannun wa yake gani?”

Na yi faɗa, na yi kuka, na kai ƙara wurin kawunmu, shi ma ya goyi bayan Baba. Limamin unguwa ya ce shi ba zai ce a yi ƙarya ba, amma kuma ba dole a yi gaggawar kai baƙin labari ba. Kowa ya zame ya bar ni da biro. Asabar ta ƙarshen wata na zauna a ɗakin Inna, ba kowa a tabarmar, na rubuta “Auta, gaisuwa mai yawa,” na ba shi labarin kaji da tsadar manja. Na san maganarta sarai, shekara biyu da rabi ina rubuta ta. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda aikin ya zo mini da sauƙi.

A watan Mayu wasiƙarsa ta iso, mai kauri, a ambulan. Ya ce akwai wata tsohuwa mai gadin ƙofar gidan kwanan ɗalibai, wadda ta saƙa masa safa a sanyin farko. Ɗanta yana aiki a wani gari mai nisa. Ran nan ɗan ya zo wucewa da abokansa a mota, tsohuwar ta fito da kwalbar tattasai da ta jiƙa da hannunta, ta naɗe a jarida, ta miƙa masa. Ya ture, ya ce mata wani abu, abokan suka yi dariya, motar ta tafi. Ishaku yana tsaye a matakala yana kallo. Tsohuwar ta juyo ta gan shi, ta miƙa masa kwalbar ta ce ya kai ɗaki ya ci.

Ya rubuta cewa, “Inna, na hau sama da kwalbar nan na kasa buɗe ta. A jirgi ban ga fuskarki ba, bayanki na gani. Ran nan na ga fuskar. Kusan shekara uku ina sane, girman kai ya hana ni. Ba na iya karatu, ba na iya cin abinci. Don Allah, don Annabi, ki yafe mini. Ba zan samu natsuwa ba sai na ga kin ce kin yafe.”

Na karanta a ofishin hedimasta, inda ake ajiye mana wasiƙu, na fito na zauna a gindin dalbejiya. Haushi ne ya fara kama ni. Sai yanzu? Wata biyu kacal, ɗan banza, da ka rubuta wata biyu da suka wuce! Daga baya tausayi ya zo, ya fi haushin ciwo.

Na kai wa Baba. Ya saurara, ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce, “Rubuta masa ta yafe. Wace uwa ce ba ta yafewa?”

Na ce, “Labarin kaji daban, Baba. Wannan haƙƙinta ne. Ni ba ni aka yi wa ba, yaya zan yafe?”

Ya ce, “To rubuta masa ta mutu, jarrabawa saura wata biyu. Zaɓi ɗaya.”

Kwana tara takardar tana jakata. Ran na goma, lokacin tara, yara suna waje suna ihu, na zauna a teburin aji na rubuta: “Auta, na yafe maka duniya da lahira. Ban taɓa riƙe ka a raina ba.” Jimla ta farko umarnin Baba ce. Ta biyun ba wanda ya sa ni, ni na ƙara don ta yi daɗi, kuma ita ce ta fi damuna har yau.

Maganin ya ci. Amsar da ya aiko kamar an sauke masa buhu. Ya ci jarrabawa, ya zama shugaban ɗaliban Najeriya na garinsu, shi ke tarar sababbin zuwa ya nuna musu abin da za su ci da wanda za su guje. Kuma tun daga nan ya buɗe wa Inna cikinsa gaba ɗaya. Ya gaya mata ya so wata yarinya a can, ya ga ba za ta iya zaman Kpakungu ba, ya haƙura. Ya gaya mata watannin da ya yi sakaci da salla. Ya gaya mata ɗakin da zai gina mata, da famfo a tsakar gida. Duk ni nake karantawa, ni nake amsawa, ina yi masa nasiha da bakin matacciya. Wani lokaci ina rubutu ina zaginsa a zuci, wani lokaci ina share hawaye kada su ɓata tawada.

A tamanin da uku aka ba su damar zuwa hutu gida. Ya tambayi Inna ko ya zo. Baba ya ce a hana, na hana. Na rubuta masa ya tsaya ya yi aikin gwaji a gonakin can, gida ba inda za shi. Abokin karatunsa Tsado, ɗan Bida, shi ya zo, ya biyo ta Minna da saƙo: hoto da wani mayafin ulu mai ruwan toka. Ya yi sallama yana murmushi ya ce, “Ina Inna? Ishaku ya ce in dube ta da kyau in gaya masa ko ta rame.” Baba ya ja shi zaure. Da suka fito yaron ya kasa haɗa ido da ni. Baba ya sa shi ya yi alkawari, ya kuwa cika, ya koma ya ce Inna tana nan lafiya. Mu biyu muka zama uku.

Ishaku ya dawo a watan Agusta na tamanin da biyar, ana tsakiyar damina. Muka tarye shi a tasha ni da Baba. Ya yi kauri, ya tara gemu, maganarsa ta yi sanyi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Baba, ya ce mini “Yaya, sannu da ɗawainiya,” abin da bai taɓa faɗa ba. Sai ya waiga yana neman Inna. Baba ya ce tana gida. Wannan ita ce ƙarya ta ƙarshe.

A zaure aka yi yadda aka saba. Aka zaunar da shi, aka ba shi ruwa, ya sha, sannan Baba ya gaya masa. Ina bayan ƙofa ina jiran ihu. Ban ji ba. Sai muryarsa ƙasa-ƙasa, “Yaushe?” Da Baba ya faɗi shekarar, sai na leƙa. Yana zaune yana kallon kofin.

Washegari ya ɗauki tabarma ya shimfiɗa a ƙofar gida ya zauna zaman makoki. Shi kaɗai. Mu mun yi namu shekara uku da rabi da suka wuce, hawayenmu sun bushe, har an yi bikin suna biyu a gidan. Mutane suka yi ta zuwa, amma barka suka zo yi. Wani ya ce, “Injiniya! Ina tsarabarmu?” Wani ya tambaye shi ko da gaske ruwa yana daskarewa a famfo. In sun lura da tabarmar sai su daburce, su ce “Af, ya ƙarin haƙuri,” su koma zancen ƙanƙara. Mama Hannah ce kaɗai ta zo ta zauna a gefe ta yi kuka tare da shi, tana cewa, “Mama naka ya so ka, wallahi ya so ka.” Ya roƙi Baba ya kai shi maƙabarta. Damina huɗu ta wuce a kan wurin, an yi wasu kaburburan, Baba ya nuna tsakanin itatuwa biyu ya ce nan ne ko can.

Ran na uku da hantsi ya naɗe tabarma ya shigo ɗakin Inna, inda nake ninke kaya. Yana riƙe da daurin takardu shuɗɗa, an ɗaure da roba.

Ya ce, “Yaya, zauna. Ran nawa ga wata?”

Na ce, “Sha ɗaya ga Maris.”

Ya kwance robar, ya shiga duba kwanan wata yana raba su gida biyu a kan gado. Bai yi sauri ba. Na Inna suka tsaya a ashirin da tara. Nawa suka fi yawa. Daga cikin nawa ya zaro ɗaya, wadda ninkinta ya tsage har an liƙe da gam.

“Wannan ke ce.”

“Ni ce.”

“Tawa ba ta same ta ba.”

“Ta iso bayan wata biyu.”

Ya gyaɗa kai. Na jira ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Na fara ba shi hanzari, na ce Baba ne, na ce jarrabawa, na ce karatunsa muka duba. Ya ɗaga hannu.

“Na gane, Yaya. Da an gaya mini da na dawo, wannan gaskiya ne. Ba shi nake tambaya ba. Kafin ta rasu, ta taɓa yin maganar ranar tasha?”

Wasiƙa arba'in na yi masa ƙarya, ɗaya da baki ba za ta gagare ni ba. Amma yana kallona ido cikin ido, kuma a ɗakinta muke.

Na ce, “Uwa ce, Ishaku. Kai ne Autanta.”

“Na sani. Kin ji ta faɗa da bakinta cewa ta yafe?”

“Na tambaye ta sau ɗaya.”

“Ta ce me?”

“Ta ce in rubuta abin da ta ce in rubuta.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan. Ban ji ba.”

Ya dubi takardar da ke hannunsa, ya ninke ta a hankali yadda take. Ya tashi ya fita tsakar gida wurin Baba, na ji yana tambayarsa, Baba ya ce shi ba ta taɓa yi masa zancen ba. Ya leƙa ta katanga ya tambayi Mama Hannah, ta ce ita ma ba ta ji ba. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin, mutum mai gemu da takardar digiri a akwati, ya ce da muryarsa ta yarinta:

“To Yaya, wa zan tambaya?”

Na duba tsakar gidan daga rijiya har zaure. Ban ga wanda zan nuna masa ba.